Minshari Mai Yanke Numfashi: Abin da Jini Ke Faɗa Game da Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

A gidaje da yawa, minshari abin ba'a ne. Amma akwai irin wanda mai barci yakan yi tsit, numfashinsa ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, sa'an nan ya zabura kamar wanda aka shaƙe. Dalili kuwa, naman maƙogwaro ne yake saki ya toshe hanyar iska. Idan numfashi ya tsaya ko ya ragu sau 30 cikin awa guda, likitoci suna lissafta ciwon cikin masu tsanani.

Wahalar ƙwaƙwalwa

Nauyin ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ne na jiki, duk da haka tana shan kimanin kashi 20 na iskar oksijin. Duk sa'ad da numfashi ya yanke, rabonta yana raguwa. Daga nan ne mantuwa, ciwon kai da safe, da gyangyaɗin rana sukan biyo baya.

Shaidar jini

Idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka ji rauni, waɗansu furotin nasu sukan tsiyaya zuwa cikin jini. NfL da tau suna fitowa daga jijiyoyi, S100B da GFAP kuwa daga ƙwayoyin da ke tallafa musu. A shekara ta 2018, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini mai auna GFAP da UCH-L1 ga waɗanda suka bugu a kai. Waɗansu bincike sun tarar da ƙaruwar S100B da tau a jinin masu wannan ciwo. Sai dai kitse ma yana fitar da S100B, masu ciwon da dama kuwa masu ƙiba ne. Saboda haka gwajin barci ne ke tabbatar da ciwon, ba na jini ba.

Hakkin iyali

Mai minshari ba ya jin kansa. Abokin aurensa ne shaida na fari. Ya kamata ya faɗa masa cikin ƙauna, ya kuma raka shi asibiti. Na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan na Ostiraliya ya bayyana a 1981, tana hura iska domin hanyar ta zauna a buɗe. Rage ƙiba, barin giya, da kwanciya a gefe suna taimakawa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambancin minshari da yankewar numfashi?
2. Wane hatsari ne direba mai gyangyaɗi yake jawo wa fasinjojinsa?