Yadda Ake Saita Modem Domin Aika Bayanai Ta Layin Salula

Tun daga watan Agusta na shekarar 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin GSM a Nijeriya, harkokin kuɗi suka soma dogara da layin salula. Wasu injinan cirar kuɗi da na'urar POS da ke hannun ɗan tireda suna ɗauke da modem, wato na'urar da ke miƙa bayanai ga turken sadarwa. Idan ta yanke ana tsakiyar ciniki, sai a zare kuɗin mai saye alhali ba su isa ga mai sayarwa ba.

Ana yi wa modem magana ne da umarnin da ke farawa da haruffan AT, tsarin da kamfanin Hayes na Amurka ya fito da shi a 1981. Mai saiti zai fara da AT+CPIN? domin tabbatar da cewa katin SIM a buɗe yake, sannan AT+CREG? wanda amsarsa ta 1 ko 5 ke nuna layin ya yi rajista.

Daga nan sai a auna ƙarfin sabis da AT+CSQ. Amsar tana kamawa daga 0 zuwa 31, lamba 99 kuwa na nufin na'urar ba ta gano komai ba. Abin da ya gaza 10 ba abin dogaro ba ne ga harkar kuɗi, kuma maganinsa shi ne a ɗaga eriya zuwa bakin taga, nesa da kwanon rufi da ƙarafa. Sunan mashigar intanet, wato APN, ana karɓarsa daga kamfanin layi a shigar da shi da AT+CGDCONT. Kuskuren harafi ɗaya ya isa ya hana haɗuwa.

Sai dai inda masu gyara suka fi yin sakaci shi ne wutar lantarki. Modem ɗin GSM yana aikawa ne guntu-guntu, kusan sau 217 a daƙiƙa, kuma kowane bugu na iya jan wuta har amfiya 2. Caja mai rauni za ta kunna fitilar na'urar, a ɗauka komai lafiya, amma da zarar an fara aikawa sai wutar ta faɗi, modem ya mutu ya sake tashi. Sau da yawa akan ɗora wa kamfanin layi laifi, alhali wayar wuta ce ta yi siriri ko ta yi tsawo.

Haka kuma kamfanoni kan rufe hanyar da ta daɗe shiru ba tare da sanar da na'urar ba. Don haka ya kamata manhajar ta riƙa aika ɗan gajeren saƙo lokaci-lokaci, ta kuma sake kunna modem da kanta idan amsa ta ƙi zuwa. Kowace hada-hada a ba ta lambarta ta musamman, domin idan an sake aika ta bayan yankewa kada banki ya zare kuɗi sau biyu.