Suturar Gudun Safe a Lokacin Hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke kaɗawa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar hamada. Da asuba sanyi kan yi tsanani, balle a Jos da Pankshin, inda ƙasa ta yi tudu sosai. Duk da haka 'yan gudun Filato ba sa fasa fita. Kai ma da ka fara gudu ko sassarfa don lafiyarka, kada sanyi ya mayar da kai cikin bargo. Suturar da kake bukata ba mai tsada ba ce.

Mai gudu ba ya sa kaya irin na mai gadi. Mai gadi a zaune yake kwana, dole ya jibga kaya. Mai gudu kuwa, kafin minti 10 jikinsa ya ɗau zafi, gumi ya fara tsattsafowa. In ya sa babbar rigar sanyi, zai jiƙe sharkaf. Iska ta bugi jiƙaƙƙen kaya, sai sanyin ya fi na farko. Saboda haka in ka fito ƙofar gida ka ji ɗan sanyi yana ratsa ka, suturarka ta yi daidai.

Rigar da ke taɓa fata ita za ka fi kula da ita. Auduga tana shanye gumi ta riƙe shi, kuma ba ta bushewa da wuri, don haka singiletin auduga bai dace ba. Nemi rigar ƙwallo, wadda matasa ke kira jesi. Da zaren roba ake saƙa ta, gumi ba ya daɗewa a jikinta. Da wuya a rasa ta a gida, kuma a wajen 'yan gwanjo tana da araha. A kanta sai ka ɗora riga marar nauyi mai dogon hannu. In mai zif ce ya fi, domin zafi na zuwa sai ka zuge, ko ka cire ka ɗaure a ƙugu. Mace za ta iya sa wando da riga mai sauka zuwa gwiwa, da ƙaramin hijabi wanda ba zai harɗe ta ba. Shi ma yana rufe mata kunne.

Yatsu da kunnuwa su ke fara jin sanyi. Hular sanyi ta isa. In ba ka da safar hannu, wanke tsohuwar safar ƙafa ka zura hannu a ciki.

Kasuwannin gwanjo irin su Ƙofar Wambai a Kano da Katako a Jos suna da duk waɗannan kaya. Kayan sanyi sun fi tsada lokacin da kowa ke nemansu, don haka mai dabara da bazara yake saye ya ajiye. Duk abin da ka saya, wanke shi da sabulu, ka shanya a rana kafin ka sa. In kuɗinka kaɗan ne, takalmi za ka fifita. Juya shi ka duba ƙasansa, kada ka ɗauki wanda ya cinye ta gefe guda. Gwada shi da safa, ka bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba.

Ranar da hazo ya sauka, direba ba ya hango nesa. Sa riga mai launi mai haske, ka bi gefen titi kana fuskantar motoci. Rufe hanci da ƙyalle mai tsabta saboda ƙura. Mai asma ko tari ya haƙura da fita in hazon ya yi kauri. Shafa man kaɗanya a leɓe da dunduniya don maganin tsagewa da faso.

Da ka dawo gida, cire jiƙaƙƙen kaya nan take, ka sa busassu. Ka sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, domin iskar hunturu busasshiya ce, tana ƙarar da ruwan jiki ba tare da mutum ya ankara ba.