Kada Kunya Ta Hana Ku Muhawara

'Ya'yana ɗaliban sakandare! Idan malami ya shigo aji yana neman masu shiga ƙungiyar muhawara, kada ku sunkuyar da kai kuna jiran wani ya ɗaga hannu. Na san abin da ke riƙe ku: kunya, da tsoron dariya idan Turanci ya karye, da tarbiyyarmu da ta hana yaro ja-in-ja. Muhawara ba ta saɓa wa tarbiyyar nan ba. Ai da gaisuwa ake buɗe ta: a gai da shugaban zama, da alƙalai, da mai kula da lokaci, har da abokan karawa.

Babban amfaninta ba ya ga daɗin baki. Yana ga ranar da ƙuri'a za ta faɗa maka a ɓangaren da ba ka so. Kai ɗan makarantar kwana ne, sai a ce ka tabbatar da cewa ta jeka-ka-dawo ta fi. Dole ka zauna ka tono hujjar da ba taka ba, ka ga abin da wancan yake gani. Sa'ad da abokin karawa ke magana kuma, kana riƙe da guntuwar takarda kana rubuta inda ya yi sako-sako, ba ka katse shi ba. Lokacinka na cika a kaɗa ƙararrawa, ko ka gama ko ba ka gama ba. Nan ake koyon fara magana da abin da ya fi nauyi.

Waɗannan halayen su ne za a nema gare ku gobe. Lauyan da bai hango hujjar ɗaya ɓangaren ba, a gaban alƙali zai ji ta, ya rasa ta cewa. Ma'aikaciyar jinya da ke lallashin magidanci ya bari a yi wa ɗansa rigakafi, sai ta saurari tsoronsa tukuna kafin nata bayanin ya shige shi. A wajen intabiyun ɗaukar aiki, duk wanda aka kira yana da takarda. Abin da ake dubawa shi ne wanda zai amsa tambayar da aka yi masa, ba wadda ya haddato daga gida ba.

Manyanmu ma ta wannan hanya suka bi. A farkon shekarun 1940, malamai da ma'aikatan En'e a Bauchi suna da zauren tattaunawa, inda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa ke baje ra'ayi, kowa da hujjarsa. A 1950 Ɓalewa ya miƙe a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, batun da ya shafi sarakuna kai tsaye, cikin lafazi mai ladabi. A Oktoban 1960 shi ne ya yi jawabi da sunan Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Malamin makaranta ne fa, wanda ya saba faɗin ra'ayinsa a ƙaramin zaure.

Sai dai ku kiyaye abu uku. Kada ku ƙirƙiro hujja don a tafa muku. Magana zarar bunu ce, wanda ya saba ƙarya a dandalin makaranta zai kai ta ofis. Idan alƙalai suka ba wa wasu nasara, ku je ku tambaye su inda kuka gaza, kada ku koma kuna gunaguni. Kuma iyayenku ba abokan karawa ba ne. A gabansu sauraron da kuka koya za ku yi amfani da shi.

'Yan mata, har da ku nake, ba maza kaɗai ba. A karon farko murya za ta yi rawa, takarda ma ta yi rawa a hannu. Gara ta yi rawar yanzu a gaban 'yan ajinku, da ta yi a gaban masu ɗaukar aiki. Allah Ya buɗa muku ƙirji, Ya sa ku faɗi gaskiya a inda ta dace.