Darasi: Kalmar "Emir" da Inda Ake Sa Ta

Ya kai mai karatu, yau za mu ɗauki kalma guda ta Turanci, watau "Emir". Ana furta ta "Emiya". Ma'anarta sarki, amma ba kowane sarki ba. Abin da wannan darasi zai koya maka ke nan.

Ka sani mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, "sarki". Da ita muke kiran mai ƙasa, da ita muke kiran hakimi, har shugaban mahauta ma Sarkin Pawa muke ce masa. Turawa kuwa sun rarraba. Sarkin Ingila suna ce masa "King". Sarkin Musulmi suna ce masa "Sultan". Babban sarki mai hakimai a ƙarƙashinsa, kamar na Gwandu ko na Kano, shi ne "Emir". Hakimi kuwa "District Head" ne, dagaci "Village Head". Shugaban masu sana'a, kamar Sarkin Pawa, sai su ce masa "Chief".

Wannan kalma asalinta ba Turanci ba ce. Aro suka yi daga Larabci, "amir", watau mai ba da umurni. Ita ce kake ji a cikin Amirul Muminina. Ashe kuwa malamanmu sun san ta tun Turawa ba su zo ba. A shekarar 1812 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba aikin mulki, ya danƙa wa ƙanensa Abdullahi ƙasashen yamma, Gwandu ta zama cibiyarsu. Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai suka riƙa rubuta magadan Abdullahi da "Emir of Gwandu". Ko da yake fada tana Birnin Kebbi, sunan sarautar bai sake ba.

To, ga inda ake tuntuɓe. Hakimin Kalgo, a cikin ƙasar Gwandu, sarautarsa Sarkin Gobir ce. Kada ka ga "sarki" ka rubuta "Emir of Gobir". In ka yi haka ka yi kuskure biyu: ka ba shi rawanin da ba nasa ba, ka kuwa kai shi Gobir, can gabas da Sakkwato. Daidai shi ne ka bar sarautar da Hausa, ka ƙara aikinsa da Turanci, haka: "Sarkin Gobir, District Head of Kalgo".

Kada ka ce wannan ƙaramin abu ne. Sa'ad da nake sabon akawu, wani dattijo ya kawo mini kukansa a kan gona, na juya masa da Turanci, na sa "Emir" inda ya kamata in sa hakimi. Takarda ta tafi inda ba a aike ta ba. Kafin ta komo damina ta faɗi, abokin shari'arsa ya riga ya yi shuka. Har yau ina jin kunyar wannan dattijo.

Saboda haka kafin ka ɗora alƙalami, tambayi kanka: wa ke bisa wannan sarki, su wa ke ƙarƙashinsa? Amsar ita za ta nuna maka kalmar da ta dace.

Aiki: ɗauki takarda ka rubuta da Turanci Sarkin Gwandu, da Sarkin Musulmi, da hakimin ƙasarku. In ka gama, kai wa malaminka ya duba.