Makonnin Ƙarshe Kafin Jarrabawar Shiga Karatun Likita

Ya ɗan'uwa mai niyyar karatun likita, in saura mako uku a yi jarrabawar JAMB, kada ka buɗe sabon littafi, lokacinsa ya wuce. Ga dalili. Tambaya 180 za a ba ka a kwamfuta, Turanci 60, Bayoloji da Kimistiri da Fizis kowanne 40, duka cikin awa 2. Watau kowace tambaya sakan 40 ke nan. To, nemo tambayoyin shekarun baya, ka aje agogo gabanka, ka amsa su a zama ɗaya. Wadda ta gagara tsallake ta, ka komo mata daga baya. Lissafin Fizis shi ya fi cin lokaci, saboda haka gaggauta Bayoloji, rarar ka ba shi.