Madalla da Tir: Matsayin Yabo da Zargi a Hukuncin Ɗabi'a

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba tambaya guda: shin yabon jama'a ne ke mayar da aiki nagari, ko kuwa nagartar aikin ce ke jawo yabo? Za mu ɗauko misalai daga Fagge da Sabon Gari.

Ra'ayin Masana

Akwai mazhabar falsafa wadda ke fara bincikenta daga yadda abu ke bayyana a zuciyar mai ganinsa. Franz Brentano, a laccarsa ta 1889, ya nuna cewa abu nagari shi ne wanda son sa ya dace, mugu kuwa wanda ƙin sa ya dace. Max Scheler, a littafinsa na 1913 zuwa 1916, ya ƙara da cewa zuciya kan riski darajar abu tun hankali bai tsara hujja ba. Watau yabo da zargi amsa ce ga darajar da aka riska, kuma amsa tana iya dacewa, tana iya kaucewa.

Shaidar Harshe

Alal misali, idan ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya mayar da rarar kuɗin da aka ba shi bisa kuskure, ba a jiran dogon tunani kafin a ce "madalla". Idan ya tauye yadi, "tir" ke fara fita. Bahaushe ya ce yabon gwani ya zama dole. Ke nan gwanintar ce ta riga yabon. Haka halaye goma da Kirk-Greene ya jero a nazarinsa na mutumin kirki a 1974, irin su gaskiya da amana da kunya: ba tafin jama'a ya ƙirƙire su ba.

Inda Yabo Ke Kaucewa

An kafa Sabon Gari wajejen 1913 domin baƙi, galibi daga Kudu. Al'adunsa sun bambanta da na Fagge ta fuskar sutura da abin sha, amma duka biyun ba a yabon maci amana. Duk da haka, a watan Mayun 1953, ziyarar tawagar Action Group ƙarƙashin Akintola ta haifar da tarzomar kwana huɗu tsakanin mutanen Kano da mazauna Sabon Gari, aka rasa rayuka aƙalla 36. A irin wannan yanayi kowane ɓangare kan jinjina wa nasa, alhali jinjinar ba ta wanke jinin da aka zubar. Fushi da ƙabilanci sun rufe idon zuciya.

Kammalawa

A taƙaice, "madalla" da "tir" shaidu ne, ba alƙalai ba. Wajibin manazarci shi ne ya tambayi me aka gani aka yaba, kuma da wace zuciya aka gan shi.