Injin Sassaƙa Ƙarfe Na Farko: Yadda Ƙaramin Mai Sana'a Zai Kasafta Jarinsa

Ba a taɓa rasa maƙeri a kasuwannin ƙasar nan ba, amma daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta yanka wa Naira daraja, aikin maƙeran zamani ya ƙara samun muhimmanci. Dalar Amurka da ake canjawa a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a cikin shekarar 2024, abin da ya sa kayayyakin gyara na ƙetare suka yi tashin gwauron zabo. Mai injin niƙa ko na casar shinkafa ko famfon ban-ruwa, idan wani ƙaramin ƙarfe ya karye masa, sau da yawa ya fi masa sauƙi a ƙera masa irinsa a wurare kamar kasuwar Panteka ta Kaduna, da ya jira na kwali.

Wannan ne ya sa masu walda da kanikawa da dama ke tunanin sayen injin sassaƙa ƙarfe, wanda masu sana'a ke kira milin, su kafa a shagon ƙofar gida. Sai dai kuskuren da ya fi cin jarin sababbin shiga shi ne zuba dukkan kuɗinsu a kan injin kansa. Farashin inji kashi ɗaya ne kawai na abin da ake bukata kafin ya fara kawo ko kwabo.

Aikin da injin ke yi

A injin juya ƙarfe, ƙarfen ne ke juyawa, bakin yanka yana tsaye, saboda haka abubuwa masu kewaye yake fitarwa. A milin kuwa bakin yanka ne ke juyawa, ƙarfen yana ɗaure a kan teburi ana tura shi hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Da shi ake daidaita fuskar ƙarfe ta yi sumul, a fitar da gurbi a jikin shaf inda fuli zai kama, a huda ramuka daidai wurin da aka auna, har ma a yanka haƙoran giya idan akwai na'urar rarraba da'ira.

Saboda haka kafin a je kasuwa, ya kamata mai saye ya rubuta ayyuka goma da ya fi mayarwa ko kai wa wasu a cikin watanni shidan da suka wuce, tare da girman kowanne da kuɗin da ake biya. Wannan takarda ce za ta faɗi girman injin da ya dace, ba sha'awar ido ba.

Rukuni uku na injina

Rukuni na farko shi ne ƙananan injinan da ake ɗorawa a kan teburi, waɗanda akasarinsu daga ƙasar Sin ake ƙero su, nauyinsu kuma bai cika kai kilo 100 ba. Suna aiki da wutar gida, sun dace da koyo da ƙananan ayyukan alminiyam da tagulla, amma a kan baƙin ƙarfe sai a yi ta ci kaɗan-kaɗan, lokaci yana tafiya.

Rukuni na biyu shi ne matsakaitan injina masu huda da sassaƙa, masu nauyin kimanin kilo 300, irin waɗanda kamfanin Rong Fu na Taiwan ya yi suna da su. A nan akwai abin lura. Wanda ginshiƙinsa zagayayye ne, da zarar an ɗaga kansa ko an sauke, sai ya goce daga inda aka saita shi, a sake awo daga farko. Mai ginshiƙi mai kusurwa ba ya da wannan matsala, don haka ƙarin kuɗin da ake biya a kansa ba asara ba ne.

Rukuni na uku shi ne manyan injina irin na Bridgeport, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1938, daga baya kamfanonin Taiwan da na Sin suka yi ta kwaikwayonsa. Nauyinsa ya kusa tan ɗaya, tsayinsa kuma ya kai kimanin mita biyu. Shi ne ke iya ɗaukar aikin kasuwanci wuni guda, amma yana bukatar daɓen kankare mai kauri, ƙofa mai faɗi, da kuɗin ɗauka da saukewa.

Ƙa'idar da ta shafi dukkan rukunan ita ce, nauyi da ƙarfin jiki sun fi ƙarfin mota muhimmanci. Injin da ke karkarwa yana karya baki, yana ɓata fuskar aiki, ko da motarsa babba ce.

Sabo ko na hannu

Tsohon injin Turai ko na Amurka da aka kula da shi ya fi sabo mai araha inganci, amma wanda ya gaji yana iya cin kuɗin gyara fiye da kuɗin sayensa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wajibi ne a je da gwani, a kuma nemi a kunna injin a gaban mai saye. A tura teburin daga wannan ƙarshe zuwa wancan: idan yana sako-sako a tsakiya amma yana cijewa a gefe, hanyoyinsa sun cinye, gyaransu kuwa aiki ne mai tsada. A saurari ƙarar boris ɗin sandar juyi a kowane mataki na gudu, a kuma sa agogon awo a ga ko sandar tana lilo. Sabon fenti ba shaida ba ne.

Har ila yau a duba ma'aunin da ke jikin hannuwan injin. Injinan Amurka da tsofaffin na Ingila da inci suke lissafi, alhali yawancin kayan da ake gyarawa yanzu da milimita aka ƙera su. Ana iya magance wannan ta hanyar ɗaura na'urar nuna awo ta lantarki, amma ita ma kuɗi ce da ya kamata a sa cikin lissafi.

Abu na gaba shi ne irin ramin sandar juyi, domin shi ne zai ƙayyade duk kayan yankan da za a saya nan gaba. Waɗanda aka fi samun kayansu su ne R8 na Bridgeport, da Morse mai lamba 2 ko 3 a ƙananan injina, da ISO 30 ko 40 a na Turai. Injin da raminsa baƙo ne, ko da kyauta aka ba mutum, zai zame masa kaya.

Batun wuta

Wutar gidaje a Nijeriya mai layi ɗaya ce, bolt 230, alhali manyan injina wuta mai layi uku suke so. Mai shagon gida yana da zaɓi uku: ya nemi kamfanin rarraba wuta ya jawo masa layi uku, ko ya sauya motar, ko ya sayi akwatin lantarki da ake kira VFD, wanda ke mayar da layi ɗaya zuwa uku, muddin motar tana karɓar bolt 220 zuwa 240. Haka kuma motar da aka ƙera domin Amurka, inda wuta ke kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida a nan, inda take kaɗawa sau 50.

Mota mai ƙarfin doki biyu tana daidai da kimanin kilowat 1.5, amma lokacin tashi takan ja wuta ninki biyar ko fiye. Ƙaramin janaretan da ya isa a lissafin takarda yana iya mutuwa da zarar an kunna injin. Akwatin VFD yana rage wannan fizga. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa sama da Naira 200 a kowane yunit a watan Afrilun 2024, dole ne kuɗin wuta ya shiga farashin kowane aiki.

Kayan aiki

Tsofaffin masu sana'ar kan ce kayan aiki suna cin kuɗi kwatankwacin na injin, ko da yake ba a rana ɗaya ake sayensu ba. Na farko shi ne bayis na milin mai kyau, watau abin matse ƙarfe, domin bayis na injin huda ba ya riƙe aiki daidai. Sai maɗauran teburi da notinansu, da zobban riƙe baki, da bakunan yanka kaɗan na milimita 6, 8, 10 da 12. Ba a ɗaura bakin sassaƙa a kan marikin diril, saboda yana iya suɓucewa. A ɓangaren awo kuwa ana bukatar baniya, da maikiromita, da agogon awo mai maganaɗisu. Teburi mai juyawa da na'urar yanka giya su jira har sai an sami mai biyan kuɗin irin aikin.

Sanin gudu yana tsawaita ran baki. Bakin ƙarfe irin na HSS yana son kimanin mita 25 zuwa 30 a minti ɗaya a kan baƙin ƙarfe mai laushi. Wato baki mai kaurin milimita 10 zai juya sau 800 zuwa 950 a minti, mai milimita 50 kuwa sau 160 zuwa 190 kacal. Saboda haka a tabbatar injin yana da ƙaramin gudu, in ba haka ba bakuna za su yi ta ƙonewa.

Ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai tana goge hanyoyin inji tamkar yashi, damina kuma tana kawo tsatsa, don haka a riƙa shafa mai ana rufewa, a kuma nisanta dutsen wasa wuƙa daga wurin. Ba a aiki da babbar riga ko safar hannu, tabarau wajibi ne, kuma tunda shagon a gida yake, makunnin ya kasance a kulle saboda yara.

Kasafi

Shawarar da ta fi dacewa ita ce, a cikin kowace Naira 100 ta jari, a sa 50 a inji, 25 a kayan yanka da na awo, 15 a dako da daɓe da haɗa wuta, a ajiye 10 domin gyara da bakunan da za su karye a lokacin koyo. Sa'an nan a raba jimlar jarin da ribar da ake sa ran samu a wata, bayan an cire wuta da kayan yanka da ladan yaro. Idan watannin da suka fito sun yi yawa, to gara a ci gaba da kai aiki Panteka har ciniki ya ƙaru. Matsakaicin inji mai cikakkun kaya yana fara biyan kansa tun makon farko, babba marar kaya kuwa wuri kawai yake tarewa.